KIFIN ƘASAN RUWA A BAZARA: A KAMA, AMMA A BAR IRI

Manoma da masunta na Agye, Gazawa da Gidan Rumji:

In bazara ta kama, ruwan tabki yakan ja baya ya bar laka. Kifi ya taru wuri guda. Kamunsa ya yi sauƙi, har yaro ƙarami na iya shiga da kwando ya fito da abin miya. A lokacin nan ne gari ke samun nama mai arha. A lokacin nan ne kuma ake kashe tabki ba da sani ba.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Masuntan teku ma sun gamu da ita, su da ke da manyan jirage da injuna. Za mu duba yadda suke kamun kifin ƙasan ruwa a watannin Maris da Afirilu. Za mu ga abin da ya sami waɗanda suka kwashe duka, da abin da waɗanda suka bar iri suka samu. Sannan mu dawo gida mu dubi namu ruwa.

KIFI BIYU NA TEKU MAI SANYI

Can arewa, tsakanin ƙasashen Turai da Amurka, akwai babbar teku mai sanyi ƙwarai. Ruwanta na gishiri ne, ba ya shawuwa. Cikinta akwai kifi iri biyu da mutanen can suka dogara gare su tun kaka da kakanni. Na farko sunansa kod, Faransawa na ce masa moru. Na biyu sunansa hadok.

Dukansu a ƙasan ruwa suke kiwo, kamar tarwaɗarmu. Suna cin ƙananan kifi, da ƙaguwa, da tsutsar da ke cikin laka. Kod yana da ɗan gemu guda a ƙarƙashin haɓa, da shi yake laluben abinci. Babbansa yakan wuce mita ɗaya, ya kai kilo 30 ko fiye. Hadok bai kai shi girma ba. Ana gane shi da baƙin tabo a gefen wuya, kamar an dangwala masa babban yatsa. Namansu fari ne, ba shi da kitse da yawa. Shi ya sa yake bushewa da kyau ba ya ɗoyi.

Sau da yawa ana samun su a zurfin mita 100 ko 200. Ku kwatanta da rijiyar garinku, ku ga sau nawa aka ninka ta. Hanya huɗu ake bi a kama su. Akwai fatsa mai nauyin dalma, wadda ake saki har ta taɓa ƙasa, a riƙa ɗaga ta ana saukewa. Akwai doguwar igiya mai ƙugiya dubbai, kowace da abin ci a bakinta, a shimfiɗa ta ƙasan ruwa. Akwai raga da ake kafawa ta kwana. Ta huɗu ita ce babban taru mai kamar buhu, wanda jirgi mai inji ke ja yana sharar ƙasan teku. Ku riƙe wannan ta huɗu, za mu sake gamuwa da ita.

NORWE: INDA AKE SU DA DOKA

A ƙasar Norwe akwai wasu tsibirai da ake kira Lofotan. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afirilu, manyan kod na barin tekun Barentis da ke arewa. Su yi tafiyar kilomita wajen 1,000 su zo Lofotan su zuba ƙwai. Kifin nan ba ya fara wannan tafiya sai ya kai wajen shekara 7. Mace guda tana zuba ƙwai miliyoyi.

Mutanen da ke tarbar kifin, a zamanin da, yawancinsu manoma ne kamarmu. Lokacin sanyi su bar gida su tafi su, kamar yadda samarinmu ke tafiya cin rani. Mata su riƙe gida da bisashe. In lokacin shuka ya yi su komo gona. A ƙarshen ƙarni na 19, masuntan da ke taruwa Lofotan sun kai wajen mutum 30,000.

In sun kamo kifi sai su cire kai da hanji. Su ɗaure biyu biyu ta wutsiya, su rataya bisa manyan rumfunan itace. Ba gishiri, ba wuta. Iska mai sanyi ce ke busar da shi cikin wata uku, kuma sanyin ya hana ƙuda zuwa. Kilo 5 na ɗanye yakan koma wajen kilo 1. Ya bushe ƙarau kamar itace, ya yi shekaru bai lalace ba. Italiya da Najeriya ne manyan masu sayensa. Busassun kawunan ma Najeriya ake kai yawancinsu. Ibo na kiransa okporoko. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Sabon Gari a Kano, ko ya yi cin rani Legas, ya gan shi.

To, ga tambaya. Shekaru aru-aru suna kama kifin da ya zo zuba ƙwai. Me ya sa bai ƙare ba? Amsa ita ce doka. Tun 1816 akwai dokar su ta Lofotan. An sake ta a 1857 da 1897. Aka raba ruwa tsakanin masu raga da masu ƙugiya, aka sa masu tsaro. Tun wajen 1976, Norwe da Rasha ke zama kowace shekara su yanke yawan kifin da za a kama, tun da ruwan na su biyu ne. Kod da bai kai santimita 44 ba, ba a kama shi. Hadok kuwa sai ya kai santimita 40. In aka ga ƙanana sun yi yawa a wani wuri, sai a rufe wurin. A 1987 Norwe ta hana zubar da matattun kod da hadok cikin teku, don kada a ɓoye ɓarna.

Ko da haka kifin yakan ragu. Amma in masu bincike suka ga ya ragu, sai a rage kamu. A 2021 an yarda a kama tan 885,600 na kod. A 2025 tan 340,000 kaɗai aka yarda. Masunta sun ji zafi. Sun gwammace zafin shekara kaɗan da rashin har abada.

KANADA: INDA AKA CINYE IRI

A ɗaya gefen tekun akwai tsibirin Niyufanlan, cikin ƙasar Kanada. A 1497 wani matuƙin jirgi ɗan Italiya, Jon Kabot, ya isa wurin da jirgin Ingila. Aka kai labari Turai cewa kifi ya yi yawan da ana iya ɗibarsa da kwando. Shekara kusan 500 mutane na kamun kod a can da fatsa da ƙananan jirage, bai ƙare ba.

Daga shekarun 1950 sai manyan jirage masu jan taru suka iso daga ƙasashe da yawa. Suna da na'urar ganin kifi a ƙasan ruwa. Suna gyara shi su daskarar da shi cikin jirgi, dare da rana. A 1968 kaɗai an kama fiye da tan 800,000. Tan ɗaya buhu goma ne na kilo 100. Wato buhu miliyan 8 cikin shekara guda. A 1977 Kanada ta kori jiragen baƙi daga kusa da gaɓarta, har nisan kilomita 370. Amma sai ta ƙara nata manyan jirage, aka ci gaba da shara.

Ku lura da wannan wuri da kyau. Manyan jiragen suna bin kifi inda ya taru don zuba ƙwai. Ko kifi ya ragu cikin teku, ɗan abin da ya saura wuri guda yake taruwa. Saboda haka taru na fitowa cike, masu jirage na cewa kifi na nan. Ƙananan masunta na bakin gaɓa ne suka fara kuka, tun tsakiyar shekarun 1980. Suka ce kifin da muke kamawa yana ƙanƙancewa, kuma sai mun ƙara raga kafin mu sami na da. Ba a saurare su da wuri ba.

Ran 2 ga Yuli 1992, ministan su na Kanada, Jon Kurosbi, ya rufe kamun kod a wannan yanki. Iyayen kifin da suka saura ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na da ba. Mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. An ce rufewar ta shekara biyu ce. Sai da ta kai shekara 32. A tsakani, ɗan kaɗan kawai aka riƙa bar wa ƙananan masunta a wasu shekaru. Cikin shekara goma na farko, wajen mutum ɗaya cikin goma ya ragu daga jama'ar yankin, samari suka watse neman aiki. A Yuni 2024 aka sake buɗe su na kasuwa, da tan 18,000. Ku gwada 18,000 da 800,000. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

AMURKA: HUTU YA MAIDO HADOK

Ga misali na uku, mai sanyaya rai. Gabas da birnin Bostan na Amurka akwai wani tudu a ƙarƙashin teku, ana kiransa Jojis Bank. Nan ma taru ya kusa ƙarar da hadok da kod. A Disamba 1994 hukuma ta rufe wurare uku, faɗinsu wajen murabba'in kilomita 17,000. Wato kamar kashi biyu cikin biyar na jihar Maraɗi. Aka buɗa idon raga, aka rage kwanakin fita su. Cikin shekara goma hadok ya dawo. Ɗiyan da aka ƙyanƙyashe a 2003 sun yi yawan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Kod na wurin kuwa bai farfaɗo kamar hadok ba. Wato hutu magani ne, amma in an makara ba kowane kifi ke tashi ba.

NAMU RUWA

Yanzu mu dawo gida. Mu ba mu da teku. Abin da Allah ya ba mu shi ne gulbi da tabki.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa. Ya bi ta Jibiya, inda aka yi masa madatsa. Ya shigo Nijar wajen Nyalwa, ya wuce ƙasar Madarumfa, da Maraɗi, da Tsibiri, da Gidan Rumji. Daga wajen Sululu ya koma Najeriya, ruwansa ya tarar da gulbin Rima. Da damana kaɗai yake gudu. In ya tsaya sai ya bar gurabun ruwa cikin fadama, da kifin da ambaliya ta kawo. Tabkin Madarumfa, wanda ya fi kowane suna wajen su a jiharmu, da wannan gulbi yake sha. Gulbin Kaba kuma ya ratsa ƙasar Gazawa ya nufi Mayahi. Shi ba ya cika gudu ba, amma kwarinsa na riƙe ruwan sama. Ƙasar Agye yawancinta jigawa ce. Ruwanta na tabkunan damana ne, da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ko ta hanya.

Tabkunanmu iri uku ne. Na farko yana ƙafewa da kaka. Na biyu yana kaiwa tsakiyar rani ko farkon bazara. Na uku yana riƙe ruwa har sabon ruwa ya tarar da tsoho. Kafin gari ya yanke shawara kan su, sai ya san irin tabkin da yake da shi. Tsofaffi sun sani, a tambaye su.

Tabkin da ke haɗe da gulbi yana samun sabon kifi in ambaliya ta yi kyau. Wanda ba ya haɗe da gulbi ba shi da mai kawo masa. Ko dai iyayen da suka yi bazara cikinsa su hayayyafa, ko ma'aikatan ruwa da daji su zuba masa ɗiyan kifi. Irin wannan tabki in aka share shi, an share shi ke nan.

KIFINMU NA ƘASAN RUWA

Tarwaɗa ita ce babbarsu. Tana da wani abu cikin kai mai kamar soso, da shi take shaƙar iska kai tsaye. Shi ya sa take rayuwa cikin ruwan laka mai zafi, inda sauran kifi ke mutuwa. Duk bazara mace na tara ƙwai cikin ciki. Tana jiran ruwan farko. Ran da tabki ya cika ya hau ciyawar gefe, da dare sai su fito su zuba ƙwai, ya manne ga ciyawa. Kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe. Mace mai kilo ɗaya tana iya ɗaukar ƙwai fiye da 50,000. Yawanci kwaɗi da ƙwari da sauran kifi ke cinye su, amma abin da ya tsira ya isa ya cika tabki. Saboda haka in ka fede tarwaɗa a watan Mayu ka ga cikinta cike da ƙwai, ka san abin da ka sa a tukunya.

Gane mace da namiji ba wuya. Ka birkice ta ka dubi bayan mafitsara. Namiji yana da ɗan tsiro mai tsini. Mace wurin a zagaye yake, cikinta kuma ya kumbura yana da taushi.

Gaiwa ita kuma tana da huhu. In ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ya bushe ya zama kamar jaka. Ta bar ƴar kafa ta shan iska. Haka za ta kwanta watanni ba ci ba sha. Hausawa na cewa gaiwa jikinta take ci, kuma masu bincike sun tarar gaskiya ne, naman jikinta ke riƙe ta. In ruwa ya sauka ta fito. Namijin ne ke gadin ƙwai cikin rami har ɗiya su yi wayo. Gaiwa ita kaɗai ce ke tsallake rani a tabkin da ya bushe ƙurmus.

Gargaza, wadda wasu ke ce wa ƙarfasa, ba a laka take kwana ba. Amma a ƙasan ruwa take gida. Namiji ya share ɗan gurbi kamar akushi, mace ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su cikin bakinta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama mace mai ƙwai a baki ya kama ɗaruruwa.

Kun ga inda muka yi kama da mutanen teku. Su kifinsu na taruwa a watannin nan don zuba ƙwai. Mu namu na taruwa don ruwa ya matse shi, kuma cikinsa ɗauke da ƙwai. Koma na fitowa cike, mai su na murna. Cikar koma a bazara ba ta nuna kifi na da yawa. Abin da take nunawa shi ne kifi ba shi da wurin gudu.

ABUBUWA BIYAR MASU KASHE TABKI

Na ɗaya, gidan sauro da raga mai ƙaramin ido. Mu yi lissafi. A ce ka tace ɗiyan tarwaɗa 100, kowane giram 5. Rabin kilo ke nan, miyar dare ɗaya. Da ka bar su, ko 20 kaɗai suka rayu suka kai rabin kilo kowane, kilo 10 ke nan. Ban da haka gidan sauro na raba-kyauta yana da maganin ƙwari a jikinsa, kifi ba ya shiri da shi. Ga yara an bar su ga sauro. Hasara biyu.

Na biyu, guba. Da can magimfa da ɓawon aduwa ake dakawa. Yanzu wasu har maganin ƙwarin wake suke zubawa. Guba ba ta zaɓe, babba da ƙarami duka take kashewa. Ruwan nan kuwa shi bisashe ke sha, na gari da na makiyaya. Kifin kuma cikin mutane zai shiga.

Na uku, jan taru daga gefe zuwa gefe. Shi ne ƙanen babban tarun da ya share tekun Kanada. Yana rushe gurabun gargaza, ya dama laka, ya kwashe iyaye.

Na huɗu, tonon gaiwa ba ragi. In aka bi busasshen tabki da hauya aka tone kowane rami, baɗi ba gaiwa.

Na biyar, yashi da injin ban ruwa. In ana noma har bakin tabki, kuma an sare itatuwan gefe, kowace damana yashi na gangarowa ya cike shi. Tabkin da ke kai bazara sai ya koma ƙafewa da rani. In kuma injunan lambu suka zuƙe shi har ƙasa, kifi ba shi da mafaka.

A 1998 dokar su ta ƙasarmu ta hana kamun kifi da guba, da nakiya, da lantarki. Ta hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6 in an miƙe shi. Ta hana kamawa da sayar da kifin da bai balaga ba. A wurin ma'aikatan ruwa da daji ake karɓar takardar izinin su, su ne kuma za su karanta muku abin da doka ta ce filla-filla.

MUN RIGA MUN IYA

Barin iri ba baƙon abu ba ne gare mu. Ba manomin kirki da ke surfa hatsin iri a bazara, komi tsananin yunwa. Ya san tiya ɗaya da ya ɓoye ita ce damman kaka.

Ku dubi kuma sassaben zamani. Bayan farin 1984, manoman jiharmu suka fara barin tohon itatuwa cikin gona, suna rage rassa su bar masu ƙarfi. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, gari ya kafa masu tsaro, har da mata da makiyaya cikinsu, don hana saran sata. Yau baƙi daga ƙasashen waje ke zuwa kallon gonakin nan. Abin da aka yi wa gawo da kalgo shi za a yi wa tarwaɗa.

A Argungu ta ƙasar Kabi ma haka ne. Bikin su da aka san shi tun 1934 bai yiwu ba sai don ana hana taɓa ruwan Matan Fada sauran watanni. Sarkin ruwa na tsaye a kai. Ran da aka buɗe, a ga kifin da mutum ɗaya ba ya ɗauka.

ABIN DA GARI ZAI YI

1. Mai gari ya tara jama'a kafin a shiga su. A kira masunta, da masu lambu, da mata masu banda, da makiyaya. In tabkin na gari biyu ne ko uku, a zauna tare. A zaɓi masu tsaro, a sanar da ma'aikacin ruwa da daji.

2. A tabkin da ba ya ƙafewa, a keɓe wurin da ya fi zurfi. A kafa turaku a zagaye shi. Ba raga, ba ƙugiya a ciki, rani da damana. Nan ne rumbun iri.

3. A kafa wani turke mai alama. In ruwa ya sauka ga alamar, a tsai da raga, masu inji kuma su rage ja.

4. A rufe su daga ruwan farko har wata uku ko huɗu, sai ɗiyan kifi sun tasa. Lokacin dama kowa na gona.

5. A gwada kowace raga a gaban jama'a. In yatsa uku ba su shiga idonta ba, ba ta shiga ruwa.

6. Mace mai ƙwai da ƙaramin kifi, in sun fito da rai, a maida su. Ƙugiya babba ta fi ƙarama, don ƙaramin kifi ba ya haɗiye ta.

7. Tabkin da zai ƙafe ƙurmus, a kama kifinsa kafin ya mutu a banza. Amma a zaɓi ƙanana da wasu iyaye, maza da mata, a kai su tabkin da ke riƙe ruwa, da shawarar ma'aikaci. A yi jigila da sassafe, cikin duro mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari ba. A cika shi rabi, a yi masa inuwa. In an isa a riƙa zuba ruwan tabkin kaɗan kaɗan cikin duron kafin a sake su. Tarwaɗa na jure tafiya. Gargaza ba ta jurewa, kada a cunkusa ta.

8. Wajen tonon gaiwa, a raba busasshen tabki biyu. Bana a toni gefe ɗaya, a bar ɗaya.

9. A bar ɗamarar ciyawa da itatuwa a bakin tabki. A dasa gamba inda ruwa ke gangarowa da yashi. A bar wa bisashe mashaya da burtali.

AIKIN MAI ALƘALAMI

Ku da kuka iya karatu da rubutu, akwai aikin da ba mai yi sai ku. Ku sami littafi guda na tabki. Kowace ranar su ku rubuta kwanan wata, da yawan waɗanda suka shiga, da irin kifin da aka kama, da nauyinsa ko yawan kwanduna. Ku yanki kara mai santimita 50, ku yi masa zane goma goma. Ku ɗebi tarwaɗa goma ba zaɓe, ku auna tsawonsu, ku rubuta.

Shekara ɗaya littafin ba zai ce komi ba. A shekara ta uku zai fara magana. In tsawon kifi na raguwa, kuma ana ƙara raga kafin a sami na bara, to alamar da ƙananan masuntan Kanada suka gani ke nan. Ku kai littafin gaban mai gari da ma'aikaci tun da sauran iyaye cikin ruwa. Magana ta baki ana musunta ta. Lissafin da ke rubuce yana da wuyar musu.

KADA ABIN DA AKA KAMA YA LALACE

Kifin da ya ruɓe an kashe shi a banza. Mutanen Lofotan sanyi ke taimakonsu. Mu zafi gare mu da ƙuda, saboda haka banda ita ce tamu. A fede kifi da wuri, a wanke da ruwan rijiya, a ɗan sa gishiri, a tsane shi a inuwa. A yi banda da wuta marar ƙarfi har ya bushe ciki da waje. In zai daɗe a ajiye, a riƙa maida shi kan hayaƙi lokaci lokaci. Kada a kuskura a fesa masa maganin ƙwari.

Masu shiga ruwan kwance kuma su kula da tsargiya. Duk wanda ya ga jini cikin fitsari, babba ko yaro, ya tafi gidan likita. Akwai maganinta.

Jama'a, teku da girmanta mutane sun ga ƙarshen kifinta cikin shekara 40. Tabkin garinmu rana ɗaya ta ishe shi. Ku karanta wannan takarda a dandali don waɗanda ba su iya karatu ba su ji. Ku yi shawara tun ruwan farko bai sauka ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya cika rumbu da tabki. Amin.